Ɓarɓashin Koren Fenti

Ranar Asabar ɗin da Ginette ta tashi wanke gidan mahaifiyarta, tekun ya kwanta lumui, ko motsi ba ya yi. Irin safiyar nan ce da mu mutanen gaɓa muke cewa ta yi kyau har ta ba da tsoro. Tun raɓa ba ta bushe ba ta sauke kayanta daga bayan mota: injin feshin ruwa, tiyo, tsani, bokitai masu murfi, da naɗin baƙin yadi guda uku.

Shekara ashirin da shida ke nan tana fentin gidaje, kuma kowa a garin ya san halinta. Ba ta kunna inji sai ta gama shimfiɗa. Yadin nan irin na masu lambu ne, ruwa yana bi ta cikinsa ya wuce, amma ɓarɓashin fenti ba ya wucewa. Ta ja shi taku goma daga gindin bango, ta danne da duwatsu, ta naɗe bakinsa ya tashi kamar na faifai don kada ruwa ya kwashe dattin ya yi gangare da shi. Ta rufe rijiya da tamfol, ta lulluɓe kunyoyin dankali da na kabeji. Sai da ta gama duk wannan sannan ta miƙe ta dafe ƙugu.

Ƙanenta Réal yana zaune a matakalar ƙofa da kofin shayi, ya zuba mata ido.

"Ginette, wanka za mu yi wa gidan ko biki? Wannan uwar shimfiɗa, sai ka ce bishop za mu tarba."

"Kai dai sha shayinka. Tsohon fentin da ke ƙarƙashin farin nan akwai dalma a cikinsa. In ya shiga ƙasa, a dankali za ka ci shi."

"Shekara hamsin ina cin dankalin gidan nan, ga ni garau."

"Garau? Wa ya gaya maka?"

Ya yi dariya, ita ma ta ɗan murmusa, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Dukansu sun san dalilin wankin. Mahaifiyarsu Odile, wadda suke kira Mame, ta cika tamanin da huɗu, kuma ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta. Kullum ƙarfe huɗu na yamma sai ta ɗauki rigar sanyinta ta ce ita fa za ta tafi gida, alhali a gidan take, gidan da aka kawo ta tana amarya. Ginette kan tare ta a bakin ƙofa da lallashi, wani lokaci har da faɗa. Sau uku tsohuwar tana sulalewa. Na ƙarshen, a bakin babban titi mai kai wasiƙu ya tsince ta, manyan motoci suna wuce ta fuu.

To ga shi an samu ɗaki a gidan tsofaffi da ke cikin birni, tafiyar awa guda, an ce ranar Litinin su ba da amsa, i ko a'a. Réal ya riga ya yanke nasa: a kai ta, a wanke gidan, a sake masa farin fenti, a sayar. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya ishe shi. Ita kuwa Ginette ta yi wa mahaifinsu alkawari yana kwance ciwon ajali cewa Mame ba za ta bar gidan nan ba sai dai a fitar da ita zuwa makwancinta. Shekara biyu ke nan da ta tattaro ta dawo gidan tana riƙon alkawarin, kuma wallahi ta gaji. Ta gaji har ta fara jin kunyar kanta.

Shi ma farin fentin aikinta ne. A da, a garin nan, ba wanda yake sayen fentin gida. In masunci ya gama shafe jirginsa da bazara, abin da ya rage a gwangwani shi ne rabon bango. Shi ya sa in mutum yana tahowa daga teku, tun daga nesa yake tsinkayo gidansa a kan tudu, launinsu ɗaya da jirgin da yake tsaye a ciki. Jirgin mahaifinsu Onésime, wanda suke kira Pape, kore ne shar, saboda haka gidansu ma kore ne shar. Yara a makaranta suna ce wa Ginette 'yar gidan kwaɗo, ta taso da haushin launin nan a zuciyarta. Da Onésime ya rasu, shekara tara da suka wuce, ta kawo tsaninta ta shafe gidan fari tas, wai ita kyauta ta yi wa uwarta. Lokacin Mame da hankalinta. Ta fito ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ya yi kyau," ta koma ciki.

Réal ya ajiye kofi ya karɓi bakin injin. Ta yi masa karatu kamar ɗan koyo.

"Ka tsaya taku biyu daga bango. Ka bar mai faɗin bakin nan yadda na saka shi. Daga sama kake sauko da ruwan, kuma kada ka tsaya wuri ɗaya. Datti za mu cire da fentin da ya riga ya saki, ba fatar gidan za mu feɗe ba."

"Na ji, malama. Sai na rubuta jarrabawa?"

Ta harare shi ta shiga ciki don ba Mame magani da burodi da ruwan rake mai kauri. Tana cikin shafa wa tsohuwar mai a hannu ta ji kukan ruwan ya canja, ya koma siriri mai kaifi. Ta yi waje da gudu. Ko takalmi ba ta tsaya ɗaurewa ba.

Ai kuwa abin da ta ji tsoro shi ta tarar. Gogan naka ya ga aikin ba ya sauri, ya cire mai faɗin bakin ya saka siririn, ya matsa dab da bangon da ke fuskantar teku. Wuri guda mai girman ƙofa ya feɗe, farin ya tashi gaba ɗaya, tsohon koren ya fito fili. Kuma kamar da gayya, iska ta tashi a daidai lokacin, ta kwashi ɓarɓashin ta tsallake shimfiɗar da shi, ta watsa cikin ciyawa har gindin rijiya.

"Kashe! Réal, kashe injin nan!"

Ya kashe, ya tsaya sororo da ruwa yana ɗiga daga gemunsa.

"Haba, ɗan wannan? Ai gani na yi..."

"Gani ka yi me? Sauri ya haifi nawa, ga shi nan ka gani. Aikin yini ɗaya ka mayar mana na uku. Je gidan maƙwabcinmu Aurèle ka aro injin tsotsar datti, mai shan ruwa. Kuma kada ka taka ciyawar, bi ta can!"

Ya tafi sumui sumui. Ita kuwa ta sa safar hannu da takunkumi, ta jawo bokiti, ta durƙusa. Irin wannan aiki ba tsintsiya ba manjagara, don in ka share sai ya farfashe ya shige ƙasa. Da yatsa ake tsince shi, ɗaya bayan ɗaya.

Da farko zagi take yi a zuci. Can kuma sai zagin ya ƙare, ya bar ta da shiru. Tururin ruwan bai gama sauka ba, yana rataye a iska da ɗan guntun bakan gizo a cikinsa. Ta ɗauki wani ɓallin fenti mai faɗin tafin jariri ta juya shi a gefe, sai ta ga ashe hawa hawa ne. Fari a sama, siriri, nata. Ƙarƙashinsa kore, da wani koren, da wani mai duhu, da wani da rana ta cinye. Ta fara ƙirgawa da farce, ta kai goma sha ɗaya lissafin ya ɓace mata.

Wannan mai duhun, ta san shi. Shekarar da guguwa ta cire rufin coci ce, Pape ya haɗa ragowar gwangwani biyu don guda bai isa ba. Wannan mai hasken kuwa shekarar da aka haifi Réal ce, ƙaguwa ta yi albarka, aka sayi fenti mai kyau. Tana durƙushe a ciyawa amma sai ga Pape a kan tsani, da hularsa mai tabon man inji, yana rera waƙa da muryarsa da ko tsuntsayen teku ba sa iya jurewa. Ta ji warin kwalta da gishiri. Ta ji Mame tana ƙwala masa kira ta taga cewa miyar kaza ta huce, in ya ga dama ya kwana a kan tsanin. Rana ta yi ta tafiya, bokitin yana cika a hankali, Ginette ba ta san inda lokaci ya shiga ba. Ashe shi ma Réal can Aurèle ya tsare shi da labari, kuma duk wanda Aurèle ya kama da labari sai dai a yi masa addu'a.

Inuwa ce ta faɗo mata a hannu. Ta ɗaga kai, ga Mame da rigar sanyinta, maɓallan a karkace, ta durƙusa kusa da ita a hankali, gwiwoyinta suna ƙara. Tsohuwar ta miƙa hannu ba safa ta fara tsinta. Duk wanda ta ɗauka sai ta kife farin a ƙasa, koren ya kalli sama, ta jera a tafin hannunta.

"Mame, ajiye. Guba ne, zai cuce ki. Kawo nan."

Odile ta dunƙule hannu ta kai ƙirji. Ta kalli Ginette kallon da take yi mata a 'yan watannin nan, kallon wata baƙuwa mai kirki.

"Baiwar Allah, wa ya fasa mana gida?"

"Ba wanda ya fasa, Mame. Wanke shi muke yi."

"Wannan na gidanmu ne. Ki bar ni, zan tafi gida."

Ta dafa bokiti ta miƙe ta nufi ƙofar shinge. Ƙarfe huɗu ta yi ke nan. Nan ne kullum Ginette take shan gabanta, amma yau ƙafafunta sun yi tsami, bakinta kuma ya gaji da ƙarya. Ta zare takunkumi ta ce a ranta, to, jibi ma za a yanke maganar ɗauke ki, yau dai bari in ga gidan nan da kike nema. Ta bi ta a baya, taku biyar tsakaninsu.

Odile ba ta yi wajen babban titi ba. Gangare ta bi, ta wuce tsohon shagon ƙanƙara, ta wuce tarkunan ƙaguwa da aka jibge, ta hau gadar katakon da jirage suke ɗaurewa. Ta tafi har ƙarshenta, inda ba komai sai ruwa. Nan matan garin suke tsayawa a da in maza sun makara. Amma ba teku ta kalla ba. Juyowa ta yi ta ba shi baya, ta kare ido da hannu, ta shiga duba tudun.

"Shuɗin can na su Léger ne," ta ce a hankali, kamar mai karanta addu'a. "Jan can na Aurèle. Namu yana tsakaninsu..."

Sai kuma ta kama hannun rigar Ginette da ƙarfin da ba a san tana da shi ba.

"Ga shi can! Kin gani? Hazon ya fara yayewa."

Ginette ta duba. Sararin yamma ya yi fari fat a bayan tudun, kuma farin gidan ya narke a cikinsa, ba ka gane inda bango ya ƙare sama ta fara. A tsakiyar farin nan sai ga koren nan mai girman ƙofa, shi kaɗai, yana leƙowa. Duk wanda ya tashi a gaɓar nan ya san wannan gani. Haka gida yake fara fitowa in hazon teku zai tafi.

"Na daɗe ina zuwa," in ji Odile. "Kullum in na zo hazo ya rufe shi. Ban taɓa ganin hazo mai taurin kai irin wannan ba, ga gidan kowa a fili, namu kaɗai ya zauna wa. Ina ta tunani, yaya Onésime zai ga hanya?"

Ginette ta ƙura wa tudun ido. Likita ya yi bayani, ma'aikaciyar jinya ta yi bayani, an sa ƙararrawa a ƙofa, an canja magani sau biyu. Ba wanda ya taɓa tunanin ya zo nan ya tsaya ya juya baya. Ita da hannunta ta shafa hazon, shafi biyu, har tana alfahari da yadda ya kwanta. Kuka ya zo mata irin na yara, mai shessheƙa, ta toshe baki da bayan safar hannu.

"Me kuma na kuka?" Odile ta ce. "Ai ya yaye. Mu je, na bar tukunya a wuta."

Ba wata tukunya a wuta. Amma tsohuwar ta shige gaba, ta sauka daga gada, ta hau tudu tana haki, ba ta yi dama ba ta yi hagu, idonta a kan koren. Réal yana tsaye a bakin shinge da injin aro a hannu, hankalinsa a tashe don ya dawo ya tarar ba kowa. Mame ta ratsa ta gabansa, ta goge ƙafa a matakala, ta tura ƙofa ta shiga, ta rataye rigarta a ƙusar da take rataye ta shekara sittin.

"Ke kika kawo ta?" ya tambaya.

"Ita ta kawo ni."

Ta ba shi labari a tsaye. Ya kalli bangon, ya kalli teku, ya sosa ƙeya.

"Ka ji ikon Allah. Wato ɓarnar da na yi..."

"Kada ka soma. Ɓarna dai ɓarna ce, kuma sai ka tsince ta tas kafin ruwan sama ya sauko."

Da ƙyar aka raba Mame da ɓarɓashin da ke hannunta. Sai da Ginette ta kawo ƙaramar kwalba mai murfi ta zuba mata su a ciki, ta ɗaure, ta ajiye a taga inda za ta riƙa gani, sannan ta yarda aka wanke mata hannu da sabulu har ƙarƙashin farce. Su biyun kuma suka koma ciyawa, ita da yatsa shi da inji, suka naɗe yadin daga baki zuwa ciki yadda ko ƙwaya ba za ta zube ba, suka rufe bokitai. Suna cikin ɗaure na ƙarshe Réal ya yi maganar da ke cinsa.

"Katakon nan sai ya kwana uku kafin ya sha fenti, ke kika koya min. Su kuma Litinin suke jira. In muka ce a'a, ɗakin ya tafi, Allah kaɗai ya san ranar da za a samu wani. In gobe ta sake ɓata fa?"

"Ban sani ba, Réal. Wallahi ban sani ba. Ciwon ba warkewa zai yi ba. Ka dai zo gobe ƙarfe huɗu ka tsaya inda na tsaya."

Ya zo. Bayan an taso daga coci ya ci abinci, ya jira, ya bi mahaifiyarsa har ƙarshen gada, ya ga ta duba ta samu, ya biyo ta ta dawo da shi gida. Litinin da safe ya fita bayan gida da wayarsa, Ginette tana jiyo shi ta taga yana cewa a ba wani ɗakin, sun gode, tsohuwarsu tana gida.

Ran Laraba ta kai ɓalli ɗaya shagon fenti a birni aka haɗa mata irinsa sak, sabo marar dalma. Mai shagon ya leƙa gwangwanin ya ce, "Wannan kuma gidan wa za a yi wa wannan aika-aika?" Ta ce masa gidan kwaɗo ne, ya sa murfi ya ba ta.

Da bangon teku ta fara. Rana ta yi sanyi, tana kan tsani ta kai rabi, sai ta ji an buɗe ƙofa. Mame ce ta fito da kofin shayi a kan faranti, tana tafiya a hankali don kada ya zube. Ƙarfe huɗu ta wuce, kuma rigar sanyin tana can a ƙusarta.

"Ke ce mai fentin? Sauko ki sha, aikinki yana kyau."

Ginette ta sauko ta karɓa. Tsohuwar ta ja da baya tana kallon bangon, fuskarta a sake. Can ta matso, ta waiga hagu da dama, ta rage murya.

"Bari in gaya miki wata magana, amma ta tsaya tsakaninmu. Ina da yarinya, Ginette, tana makaranta, yanzu za ta dawo. Yarinyar kirki ce, sai dai zuciya. Ta tsani launin nan kamar me. Na san halin abata, ranar da ta samu iko sai ta rufe shi." Ta dafa mata hannu. "Shafi nawa kike yi?"

"Biyu, Mame."

"Ki yi uku."

Ginette ta kurɓi shayin, ya sha sukari har ya yi yawa, yadda take sonsa tana ƙarama. Ta ajiye kofin a matakala ta ɗauki burushinta.

"Uku zan yi," ta ce, ta sake hawa tsanin.